Kifi Shida da Sanarwar Korona

Tun da aka shimfiɗa duniya, ilimi bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba sai ta hanyar gwaji. Masu duban taurari sun gwada, masu haɗa magani sun gwada, masu gina gada sun ɗora mata kaya kafin su yarda su ɗora mata mutane. A cikin wannan dogon sahu na bayin Allah masu neman gaskiya, ina kyautata zaton tarihi zai ajiye mini gurbi, ko da a ƙarshen benci ne. Domin iyakar sanina, ni ne mutum na farko a ƙasar Wudil da ya gudanar da gwajin kimiyya a kan kifin banda.

Ina rubuta wannan ne saboda ku matasa da kuke sallama a ƙofar gidana kuna cewa, "Malam, a koya mana haɗa shafin intanet, mun ji kwana uku ake yi." Ba a yi muku ƙarya ba. Kwana uku ake yi a gina shi, wasu ma kafin la'asar sun gama. Riƙonsa shi ne sana'ar. Shafi kamar rumbu yake, ba ranar da aka yi masa jinka ake sanin magininsa ba, sai bayan damina uku.

Ni asalina malamin makaranta ne. Na yi shekaru ina koyar da kimiyya a sakandare, har alli ya ci mini yatsu. Da ritaya ta ƙarato, na ga in ban nemi abin yi ba zan ƙare a kan tabarmar ƙofar gida ina gyara wa rediyo Hausa. Sai na shiga Kano na nemi mai koya mini kwamfuta. Aka kai ni wani kafe na intanet, aka ce mai wurin gwani ne. Yana ɗago kai na gane shi. Nasiru ne, wanda na koyar a aji uku, wanda na taɓa rubuta wa a takardar sakamako cewa yana da kai amma ba ya zama wuri ɗaya. Yanzu ga shi da gemu, da iyali, zaune wuri ɗaya tun safe. Ya miƙe ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gida da gajiya da mutanen Wudil ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya sa ni na maimaita layi ɗaya sau talatin.

Wata shida na yi ina hawa motar Kano duk Asabar. Nasiru bai taɓa ɗaga mini murya ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan. In na yi kuskure sai ya ce, "Malam, da kyau. Amma a sake dubawa." Na gane kalamaina ne yake mayar mini, an dai cire bulalar. Rana ɗaya ya faɗa mini wata magana da ya ce ita ce rabin sana'ar: "Malam, injin bincike ba ya ganin abin da kake gani. Abin da ka rubuta yake karantawa." Na rubuta ta a littafina, na ja mata layi biyu da jar biro. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta. Ni ban riƙe ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Kwamfuta ce irin wadda ake kira tafi-da-gidanka, amma batirinta ya mutu tun da daɗewa, don haka ba ta tafiya ko'ina sai inda waya ta kai. Akwai modam, 'yar na'urar da ke kamo intanet, da nake ratayewa a tagar da ke kallon gadar Wudil, domin nan sabis yake sauka. Akwai ƙaramin janareta mai tari irin na tsofaffi. Sai littafi mai baƙin bango, da biro biyu, ja da shuɗi. Doka ta farko da nake koya wa kowa ita ce: kalmar sirrin shafi, wadda muke kira makulli, ba a rubuta ta ko'ina. A ka ake ajiye ta. Wanda ya riƙe makulli shi ne mai shafi, ko da sunan wani ne a sama.

Sai ku san mene ne injin bincike, domin shi muke wa aiki, ba mai kaya ba. Ku ɗauke shi kamar dillali a kasuwar Juma'a. Baƙo ya sauko daga mota ya ce, "Ina ake sayar da kifi?" Dillali ya kama hannunsa ya kai shi rumfar da ta fara faɗo masa a rai. Haka injin yake. Yana aiko ɗan aikensa lokaci-lokaci ya karanta kowane shafi, ya koma ya ajiye. In mutum a Abuja ko Fatakwal ya rubuta "kifin banda na Wudil," injin zai jero masa sunaye, a ƙarƙashin kowane suna kuma ya sa layi biyu da ya tsinto daga cikin shafin. Duk wahalarmu a kan abu biyu take: a ambace mu da wuri, kuma layi biyun nan su zama na alheri.

Aikin da ya yi mini suna shi ne shafin Alhaji Mamuda mai banda. Tare muka shiga firamare da shi. Ya fita a aji huɗu ya bi mahaifinsa bakin kogi, ni na zauna na gama har kwaleji. Yau shi ke aika kwalayen kifi jihohi a mota, ni kuma na iya bayanin yadda kifi yake numfashi a cikin ruwa. Kowa da rabonsa.

Ɗaukar hoton kifin kaɗai kwana biyu ta ci. Kifin banda yana da daɗi a miya, amma a hoto kamar tsohon takalmi yake fitowa. Sai da muka shafa masa man gyaɗa, muka jera shi a kan sabon faifai, muka jira hasken hantsi. Karfasar da ta fi kowace kyau, ina cikin gyara tsayuwa shirwa ta sauko ta yi gaba da ita. Wadda kuke gani a shafin ƙanwarta ce. Na yi shafi shida, kowane kifi da nasa: tarwaɗa, karfasa, kurungu, ragon ruwa, bargi da kawara. A kowanne na rubuta yadda ake bandarsa, da icen da ake sa wa, da tsawon lokacin da zai yi bai lalace ba, da lambar wayar Alhaji. Sannu a hankali masu gidajen abinci na nesa suka fara kira. Alhaji ya fara gabatar da ni a majalisarsa da cewa, "Ga Malam, shi ke riƙe mini da shagon sama."

Sai shekarar korona ta zo. Ku da yawanku kuna yara, abin da kuka riƙe shi ne an rufe makaranta. Mu abin da muka riƙe shi ne an rufe hanya. Mota ba ta fita jiha, kifi ya taru a ɗaki, matan da ke yi wa Alhaji banda daga Utai da Ɗankaza suka zauna a gida. Alhaji ya kira ni a waya ya ce, "Malam, ka sanar da mutanen cikin kwamfuta kada su yi ta jira."

Mai hankali zai rubuta layi ɗaya. Ni kwana huɗu na yi. Na buɗe da Bisimilla. Na bi da, "Ya ku abokan hulɗarmu na nesa da na kusa," na kawo bayanin annoba a tarihin ɗan Adam a taƙaice, na yi nasiha a kan wanke hannu da sa takunkumi. A tsakiya, da manyan baƙaƙe, na rubuta: "Mun dakatar da aika kaya zuwa ko'ina har sai abin da hali ya yi." Na rufe da addu'a, cewa Allah Ya yaye mana wannan annoba, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare na baya. Na sa ta cikin jan akwati a saman kowane shafi. Da na karanta wa Alhaji, sai da ya ce "amin" sau uku, ya ƙara da cewa, "Malam, ai wannan ko a mumbari." Ina da rubutattun littattafai biyu a akwati da ba wanda ya taɓa bugawa. In ban da bayanin kifi, sanarwar nan ita ce rubutuna na farko da ya fita duniya.

A kwanakin nan ne tari ya kama ni. Kullum ana jin labarin rasuwar dattawa daga birni, ni kuma na duba shekaruna na ga ina cikin layi. Na sa takunkumi na je shagon Alhaji, na juya kalandar da ke rataye a bango, na karya dokata da hannuna, na rubuta makullin a bayanta. Na ce masa, "In ta Allah ta kasance, ga shagon sama nan." Ya ce, "Malam, sha citta da lemon tsami, ka daina yi mana wasiyya a kan mura." Na sha, na warke, na manta.

Aka buɗe hanya. Kasuwa ta dawo, takunkumi ya koma abin ɗaure bakin buhu. Shekara ta bi shekara. Ina sabunta hoto, ina gyara farashi, ina wuce jan akwatin nan kamar yadda mutum yake wuce tabon da ke fuskarsa a madubi.

Wadda ta gan shi ita ce Bilkisu, 'yar Alhaji. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka "Uwata" yake ce mata. Ta karanci kwamfuta a jami'ar garin nan, ta gama, ta dawo tana taya shi amsa waya da shirya lodi. Wata safiya Alhaji ya aiko a kira ni. Na tarar da su biyu a shago. Bilkisu ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Inna, wato maiɗakina, da yara da ƙafata mai ciwo, ba ta rage komai ba. Irin gaisuwar da in ta yi tsawo haka, tsohon malami ya san akwai magana a bayanta.

Ta ce, "Baba Malam, jiya wata Hajiya mai gidan abinci a Abuja ta kira. Ta ce ashe muna nan? Wai bara ta neme mu a intanet, ta ga an ce mun dakatar, sai ta koma sayen na wani wuri. Sai da direbanmu ya haɗu da yaronta a tasha ta san muna raye."

Ta miƙo mini wayarta. Ga sunan Alhaji a sama, ga layi biyun da dillali ya zaɓa a ƙasa. A cikin duk abin da na rubuta, da tarihin annoba da nasiha da addu'a, injin bai ga abin ɗauka ba sai "Mun dakatar da aika kaya zuwa ko'ina."

"A cire kawai, Baba Malam," in ji ta. "Minti ɗaya ne."

Na gyara zama irin na ɗakin malamai. Na ce, "'Yata, ba a taɓa tsohon shafi da garaje. Injin ya saba da shi a haka. Shekara da shekaru yana zuwa yana tarar da shi a kamanni ɗaya, har ya yarda da shi. In muka yanke masa wannan babban yanki, yana iya ɗauka wani shafi ne daban, ya jefa mu can ƙasa inda ba mai zuwa." Wannan magana ba ƙirƙirarta na yi ba, masu sana'ar da yawa suna da wannan tsoro a lokacin. Sai dai in ana maganar gaskiya, da layi ɗaya na rubuta a shekarar kulle, da tuni na cire shi ban tuna da wani tsoro ba.

Muka yi ta yi, ita da ladabi, ni da misalai. Alhaji yana sauraro yana ɓare kan kurungu. Can ya ce, "Ku biyun nan kun yi boko, ni kifi na sani. Amma a rumfata in mutum biyu suka yi musu a kan nauyi, sikeli ake kawowa. Malam, abin nan naku ba shi da sikeli?"

Nan ya taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na ce akwai. Akwai wurin da ake ganin mutum nawa injin ya turo kowane shafi a kowace rana. Shafi shida muke da su. A cire sanarwar a uku, a bar ta a uku, a jira Juma'a huɗu, a gwada. In waɗanda aka cire wa sun fi samun baƙi, Bilkisu ta yi gaskiya. In ba su ƙaru ba, ko suka ragu, ni na yi gaskiya.

Alhaji ya ce, "Madalla. Wanda kuma ya yi gaskiya, shi zai riƙe makullin shagon sama. Ba na son direba biyu a mota ɗaya."

Ban zaci maganar za ta kai nan ba. Amma ni na kawo sikelin, ba dama in ce a mayar.

Don kada a ce na zaɓi kifin da nake so, muka rubuta sunayen shida a 'yan takardu, muka zuba a hular Alhaji, Bilkisu ta zaro uku. Tarwaɗa, kurungu da bargi su za a cire wa. Karfasa, ragon ruwa da kawara su zauna da tasu. Na miƙe zan tafi ke nan, sai Alhaji ya ce, "Tsaya, Malam. In ka goge ta, ina take zuwa?"

Malami ba ya jin tambaya ya ƙyale. Na buɗe masa waya na nuna masa hoton ɗan kwandon da ke kusurwa, na ce duk abin da aka goge nan yake faɗawa, kwandon shara ake ce masa.

Alhaji ya ajiye kifin da ke hannunsa. "A'uzu billahi. Malam, da girmanka? Bisimilla da addu'a a kwandon shara?"

Ya nuna mini ƙusar da ke bango, inda kalandun shekaru suke rataye, sabuwa a kan tsohuwa, ba wadda aka taɓa yarwa saboda kowace da aya ko sunayen Allah a jikinta. Ya jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin teburi, cike da guntayen takardun da yake tsinta a hanya masu rubutun Arabiyya, yana tarawa sai sun yi yawa a ƙona a binne tokar a wuri mai tsabta. Ya ce, "Ni da nake tsinto na wasu daga ƙasa, ni zan jefa nawa a shara? Tun da aka sa addu'ar nan ba wanda annoba ta ɗauka a gidana. Ka cire ta, na yarda. Amma kada ka goge ta."



Na koma gida da wannan umarni, a cire amma kada a goge. Na zauna a gaban kwamfuta har janareta ya yi tari ya gaji. Sai dabara ta faɗo mini, irin wadda mutum yake miƙewa tsaye ya zagaya ɗaki saboda jin daɗinta. A shafukan nan uku, na mayar da jan akwatin fari. Na mayar da baƙaƙen su ma farare. Fari a kan fari. Na buɗe shafin tarwaɗa, ba komai a sama sai fili fetal. Sanarwa ta tafi, ko harafi ɗaya bai shiga shara ba. Na ji a raina na sulhunta kimiyya da tarbiyya a zama ɗaya, abin da ya gagari manya.

Juma'a huɗu na yi ina aiki kamar mai gadin asibiti. Kowace Juma'a da hantsi, kafin a fara shirin masallaci, ina buɗe ƙidayar baƙi in kwafe a littafi, ɓangaren da aka cire wa da shuɗi, ɓangaren da aka bar wa da ja. Na sayi babban kwali fari na zana jadawali da rula. In faɗa muku gaskiya, baƙin ba wasu masu yawa ba ne, wata rana yatsun hannu sun ishe ka ƙirga su. Amma ba a raina ƙidaya. Majalisar Alhaji kuwa ta mayar da abin dambe. Ina wucewa sai a ɗaga murya, "Malam, yau wa ya kai wani ƙasa, tarwaɗa ko karfasa?" In ce musu kimiyya ba ta son gaggawa.

Layin ja da layin shuɗi suka yi ta tafiya tare kamar layin dogo. In wannan ya hau, wancan ya hau. In wannan ya sauka, wancan ya bi shi. A duk shekarun da na yi ina gwaji da ɗalibai, ban taɓa samun sakamako mai tsabta irin wannan ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsargu.

Na rubuta rahoto shafi goma sha ɗaya, da Gabatarwa, da Manufa, da Kayan Aiki, da Hanyar Gwaji, da Sakamako, da Kammalawa. Ranar Asabar bayan la'asar na sa babbar riga na je shago, na kafe kwalin a jikin kwalayen kifi, na karanta musu tun daga farko. Kammalawar ita ce, cire sanarwar annoba ba ya ƙara baƙi, ba ya rage su. Saboda haka, bisa sharaɗin da aka yi, makulli yana nan inda yake.

Alhaji ya ce, "To, Uwata, kin ji. Sikeli ya yi magana."

Bilkisu ta ce, "Na ji, Baba. Sannu da ƙoƙari, Baba Malam. In an ba ni izini, ina da 'yar tambaya."

Na ce, "Tambaya ai ita ce ƙofar ilimi, 'yata."

Ta ɗora wayarta a kan teburi inda duk za mu gani, ta rubuta "tarwaɗar banda Wudil." Sunan Alhaji ya fito. A ƙasa: "Mun dakatar da aika kaya zuwa ko'ina."

"Tarwaɗa ai tana cikin waɗanda aka cire wa, ko Baba Malam?"

Na ce injin yana da nawa, wani lokaci ɗan aikensa yakan yi makonni bai zagayo ba.

Ta ce, "Haka ne." Ta buɗe shafin. Ga farin filin nan a sama, mai faɗi kamar an share wurin sallar Idi. Ta ɗora yatsa a kai, ta danna, ta ja ƙasa a hankali. Sai ga baƙaƙe suna tasowa cikin shuɗi, layi bayan layi. Bisimilla. Ya ku abokan hulɗarmu. Tarihin annoba a taƙaice. Komai yana nan, ko waƙafi bai ɓata ba.

Ta ce, cikin murya ƙasa-ƙasa kamar mai ba da haƙuri, "Baba Malam, injin ba ya ganin launi. Rubutun yake karantawa. Kuma ba ya son a ɓoye rubutu, yakan ɗauka maguɗi ne. Allah Ya rufa asiri bai hukunta mu ba."

Littafina mai baƙin bango yana aljihuna a lokacin. Ban buɗe shi ba. Na san shafin, na san layi biyun da na ja da jar biro.

Alhaji ya dube ni, ya dubi kwalin, ya sake dubana. "Tsaya in gane, Malam. Wato ka sa tarwaɗa a wannan gefen sikeli, ka sa ita dai tarwaɗar a wancan gefen, ka yi wata guda kana kallo, sannan ka sa babbar riga ka zo ka gaya mana nauyinsu ɗaya?"

Na ce a taƙaice ana iya faɗin haka.

Ya yi dariya har sai da ya riƙe teburi. Da ya nutsu ya share ido ya ce, "Amma dai ba ka goge ba. Wannan ka kyauta. Uwata, maganata tana nan, ba a jefa addu'a a shara."

Ta ce, "Baba, ba sai an jefa ba. Bisimilla ta zauna a sama. Addu'ar ƙarshe ta zauna, ai ba ta tsufa. Na tsakiyar ne kawai zai tafi."

"A tsakiyar akwai sunan Allah?"

Ta duba. "Babu, Baba."

"To ai wannan surutun Malam ne kawai. A goge."

Wata guda da kwanaki ina fama da wannan matsala, ko sau ɗaya bai faɗo mini cewa ana iya raba sanarwar ba. A wurina jiki ɗaya ce, in aka taɓa waƙafi an taɓa duka. Haka marubuta suke, musamman waɗanda ba a buga su ba.

Don in yi wa Alhaji adalci, ya ba ni hanyar fita. Ya ce tun da ba a yi awon ba, ba wanda ya ci, in ina so a sake Juma'a huɗu. Amma na tuna ɗalibai nawa na ba sifili saboda sun rubuta sakamakon gwajin da ba su yi ba. Na zaro jar birona, na rubuta sifili a saman rahoton, na zagaye shi, na sa hannu da kwanan wata kamar yadda aka saba. Na ce makulli na Bilkisu ne.

Saboda haka ku da kuke son sana'ar nan, ga abin da zan ba ku kyauta. In za ku gwada abu, ku fara tabbatarwa kun canza shi. In sakamako ya zo daidai da abin da ranku yake so, ku sake dubawa. In kun sa sanarwa ta wani lokaci, ku rubuta ranar cire ta tun ranar da kuka sa ta. Kada kuma ku ƙaunaci jimlar da kuka rubuta wa mai kifi. Daga baya Bilkisu ta yi gwajin yadda ya kamata, ta ce baƙi sun ɗan ƙaru a shafukan da aka gyara, amma ba za ta rantse cirewar ce ta kawo su ba, domin azumi ya shigo a tsakani, kifi kuma yana da kasuwa a azumi. Ni da na samu rabin wannan, da na rubuta shafi ashirin.

Miƙa makullin na yi shi yadda ya dace da girmansa. Washegari na rubuta kalmar a 'yar takarda, na ninke sau huɗu, na sa a ambulan, na liƙe, na sa hannu a kan liƙin. Na kai shago na yi ɗan jawabi a kan amana, da yadda na tsare wannan kalma a kaina shekara da shekaru ba tare da wani mahaluƙi ya ji ta ba. Bilkisu ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta roƙi in riƙa sa mata albarka.

Bayan kwana uku na leƙa shafin. An gyara shi tsaf, Bisimilla a sama, addu'a a ƙasa, ba jan akwati, ba farin fili. Na biya shago don in yaba mata. Ina zama na hango ambulan ɗina a kan teburi, an danne shi da dutsen sikeli, liƙinsa da sa hannuna ko taɓa su ba a yi ba.

Na ce, "'Yata, to da me kika shiga?"

Ta sunkuyar da kai, ta nuna ƙusar bango.

Kalandar shekarar kulle tana nan a ƙarƙashin sauran. Bilkisu ta san abin da ke bayanta tun tana aji biyu a jami'a.